Soyayyar Jarumi Mai Tabo: Na Koriya, Na Chaina, Na Indiya Ko Na Pakistan?

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinai masu dogon zango na ƙasashen Asiya ya san wannan mutumin. Labarin nasa ne, shi jaruma take so, saboda haka ba za a kira shi bos ba. Amma hannunsa ba shi da tsabta: ya yi ƙarya, ya ci amana, wani lokaci har da alhakin rai a wuyansa, kuma duk da haka sai ka tsinci kanka kana fargabar kada asirinsa ya tonu. Bari mu kira shi jarumi mai tabo. Mata ma suna hawa wannan kujera, kuma sau da yawa nasu ya fi armashi.

Ƙasashe huɗu ne suka fi kawo irin wannan labari cikin wayoyinmu: Koriya ta Kudu, Chaina, Indiya da Pakistan. Kowacce da irin girkinta. Fara fim mai kashi 40 ko 400 jari ne na data da lokaci da barcin dare, kuma ba wanda yake son ya kai kashi na 30 kafin ya gane ba irin nasa ba ne. Gargaɗi tun daga farko: ba yadda za a auna irin wannan jarumi ba tare da an taɓo makomarsa ba, don haka akwai ƙarshen wasu finafinai a cikin wannan rubutu.

Ma'aunan da za mu yi aiki da su

Na farko, kuma shi ya fi kowanne nauyi: wa jarumin yake cutarwa? Akwai wanda muguntarsa waje take fuskanta, wato azzalumai da abokan gaba yake yi wa, ita kuwa masoyiyar ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta. Akwai wanda yake cutar da danginta don cimma wani buri. Akwai kuma wanda ita kanta yake gasa wa aya a hannu, da tsawa da mari da zargi, sannan a sa kiɗa mai taushi a ce mana so ne. Waɗannan ukun ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a tallar fim duk kama suke yi.

Na biyu shi ne hisabi. Labarin ya sa shi ya biya abin da ya ɗauka, ko kuwa hawaye biyu ya zubar a kashin ƙarshe aka wanke shi tas?

Sai kuɗi da lokaci. Netflix da kansa ya ce ƙaramin hoto yana cin kusan 0.3GB a awa ɗaya, matsakaici 0.7GB, garau kuwa har 3GB. Da waɗannan alƙaluma za mu yi lissafi, ko da yake sauran manhajoji suna ɗan bambanta.

Na huɗu ƙarko: labarin yana riƙe ƙarfinsa har ƙarshe, ko yana saki a tsakiya? Na biyar sauƙin samu da sauƙin fahimta. Na shida haɗari, wato abin da ba za ka so ya fito a allo ba yayin da yara ko iyaye suke zaune, da abin da ya shafi aƙida, da ƙarshen da zai bar ka da ƙunci.

Koriya: tabon da aka ɓoye

Yawancin finafinan Koriya na zamani kashi 16 ne, kowanne awa ɗaya ko sama da haka kaɗan. Jimilla awa 17 zuwa 19, wato kusan 5GB zuwa 6GB a ƙaramin hoto, ko 12GB zuwa 13GB a matsakaici. Wanda ya san Koriya ta hanyar Jumong mai kashi 81 kada ya tsorata, irin waɗancan dogayen na tarihi sun yi ƙaranci yanzu.

Tabon jarumin Koriya yawanci daga baya yake: wani abu da aka yi masa yana yaro, ko wani zalunci da kotu da 'yan sanda suka kasa magancewa. Dubi Flower of Evil na shekarar 2020. Lee Joon-gi ya fito a matsayin maƙerin kayan ƙarfe, miji nagari, uban yarinya guda, wanda yake dafa abinci yana kai 'yarsa makaranta. Sunan da yake amfani da shi ba nasa ba ne, mahaifinsa kuma mutum ne da ya kashe mutane da yawa. Matarsa jami'ar binciken manyan laifuka ce. Akwai wurin da aka nuna shi tsaye gaban madubi, bidiyo yana kunne, yana koyon yadda ake murmushi: ya ɗaga gefen baki, ya matse ido, ya sake gwadawa. Wannan ɗan wurin shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Tambayar da ke ci wa matar rai ita ce ko shekarun da suka yi tare wasan kwaikwayo ne, shi kuwa bai ma san cewa abin da yake ji a ransa so ba ne. Ya yaudare ta, ba shakka, amma bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma labarin ya sa shi ya sha wuyar ƙaryarsa.

Vincenzo na 2021 wani salo ne. Lauya ne na 'yan mafiyar Italiya, haifaffen Koriya, da ya dawo Seoul don kwashe zinaren da aka binne a ƙarƙashin wani tsohon bene, sai ya faɗa rigima da wani katafaren kamfani. Yana kisa, yana ƙona rumbuna, kuma har ƙarshe bai yi da'awar ya zama mutumin kirki ba. Muguntarsa duk waje ta fuskanta. Soyayyarsa da lauya Hong Cha-young 'yar kaɗan ce, kamar gishiri a miya, don haka wanda soyayyar ce ta kawo shi zai tashi da yunwa. Kashi 20 ne, kowanne ya kai minti 80, lissafinsa ya fi na sauran.

A ɓangaren mata akwai The Glory, wanda Netflix ya saki rabi a Disamban 2022, rabi a Maris 2023. Moon Dong-eun yarinya ce da 'yan ajinsu suka riƙa ƙona mata jiki da ƙarfen gyaran gashi. Ta shafe shekaru tana shiri, har ta zama malamar ajin 'yar wadda ta jagoranci cin zalinta. Likitan da ya kamu da sonta bai ce ta yafe ba, cewa ya yi zai riƙe mata wuƙar. Fim ne na manya zalla, akwai tsiraici da zagi da azabtarwa.

Ƙarkon na Koriya yana da kyau, don tun farko an san inda labari zai tsaya. Inda suke yawan tuntuɓe shi ne kashi na 12 zuwa na 14, lokacin da ake ƙirƙiro rabuwar da ba ta da dalili, ko a jefo mantuwa a kashin ƙarshe. Fassarar Turanci a ƙasan allo tana da inganci a Netflix da Viki, sai dai yawanci ana biyan kuɗin wata, kuma ba kowane fim ne ake buɗe wa kowace ƙasa ba. Haɗarin da ba ya rabuwa da su: shan giyar soju kusan a kowane kashi, da sumbata da ke zuwa ba sallama.

Chaina: tabon da mulki ya jawo

A nan ne jarumi mai tabo ya fi zurfi, kuma a nan ne ya fi ciwo. Dalilin a bayyane yake: yawancin labaran a fada ake yin su, inda ɗan sarki ko dai ya hau gadon mulki ko 'yan uwansa su halaka shi. Wanda ya tashi a irin wannan gida, so ma makami ne a wurinsa.

Babu misalin da ya kai Goodbye My Princess na 2019, mai kashi 52. Ɗan sarki Li Chengyin ya ɓoye sunansa ya shiga jikin gimbiya Xiaofeng, ta so shi da zuciya ɗaya. Ta dalilinta ya gano inda ƙabilar kakanta take sansani, ya kawo runduna aka murƙushe su, kakan ya mutu a hannunsa. Daga baya su biyun suka faɗa kogin mantuwa, suka manta komai, siyasa ta sake haɗa su aure, suka sake son juna, sannan tunaninta ya dawo. Abin da ya ɗaukaka wannan fim shi ne bai yi wa mai kallo ƙarya ba. Son da yake mata gaskiya ne, laifinsa ma gaskiya ne, kuma ɗaya bai goge ɗaya ba. Ta kashe kanta a tsakanin rundunoni biyu, shi kuma ya samu sarautar da yake nema, ya tsufa shi kaɗai. Wanda ba ya son kuka kada ya kusance shi.

Scarlet Heart na 2011, mai kashi 35, kusan hanya ɗaya ya bi da ɗan sarki na huɗu, wanda ya zama sarki Yongzheng. Daga littafin da aka ɗauko shi ne Koriya ta yi nata Moon Lovers a 2016, mai kashi 20. Wanda yake son ya gwada bambancin hannun ƙasashen biyu, ga wurin gwaji: na Chaina ya fi nutsuwa da bin dabarun fada daki-daki, na Koriya ya fi gudu da tsuma zuciya.

Mata masu tabo kuwa, Chaina ce gidansu. A Story of Yanxi Palace na 2018, mai kashi 70, Wei Yingluo ta shiga fadar sarki Qianlong a matsayin baiwa mai ɗinkin surfani don ta gano wanda ya kashe yayarta. Ba ta haƙuri, ba ta barin bashi ya kwana. Empresses in the Palace na 2011, kashi 76, ya fi shi ɗaci: yarinya mai sanyin hali ta shiga gidan sarki, kishi da makirci suka mayar da ita abin tsoro. Mai karatun da ya san zaman gidan yawa zai gane abubuwa da dama ba tare da an yi masa bayani ba: rabon kwana, kyautar da take ɗauke da saƙo, gaisuwar da ta fi zagi zafi.

Sai wani rukuni na alloli da aljanu da sake haihuwa, irin su Love Between Fairy and Devil na 2022, kashi 36, da Till the End of the Moon na 2023, kashi 40. A na biyun, jarumar ce ta koma baya shekara 500 don ta hana wani wulaƙantaccen ɗan sarki zama sarkin shaiɗanu, kuma hanyar ita ce ta sa ya so ta sannan ta halaka shi. Wato a nan ita ce mai cin amanar. Labari ne mai kama zuciya, amma an gina shi kacokan a kan tatsuniyoyin addinan Chaina. Babba ya san tatsuniya yake kallo. Yaro ɗan shekara goma sai an zauna da shi.

Lissafi: kowane kashi kusan minti 45 ne. A 2020 hukumar kula da talabijin ta ƙasar ta nemi a daina wuce kashi 40, shi ya sa waɗanda suka biyo baya suka fi gajarta. Kashi 40 awa 30 ne, wato 9GB a ƙaramin hoto, 21GB a matsakaici. iQIYI da Youku da WeTV suna da manhajoji, suna kuma ɗora wasu finafinan kyauta a shafukansu na YouTube, wani lokaci kashin farko-farko kawai, sauran sai mai biya. Wahalar ita ce sunaye. Mutum ɗaya yana iya samun sunan yanka, da laƙabi, da sunan sarauta, kuma kashi biyar na farko sukan rikita baƙo. Dabarar ita ce ka riƙe fuskoki da launin tufafi, sunayen za su zauna da kansu. Ta fuskar tsiraici sun fi na Koriya kamewa, saboda tacewar hukuma tana da tsanani. Wannan tacewar kuma ita take sa a wasu lokuta ka ga an yanke labari an haɗe shi da gaggawa a kusa da ƙarshe.

Indiya: tabon da ba ya ƙarewa

Mu da finafinan Indiya tsohuwar zuma ce, tun zamanin gidajen silima har zuwa fassarar Hausa irin ta Algaita. Wannan sabo shi ne babban jarinsu: ba a buƙatar bayanin uwar miji, ko sadaki, ko girman dattijon gida. Zee World da Star Life suna nuna su da muryar Turanci, ba sai an bi rubutu a ƙasan allo ba, wanda hakan ya dace da mai kallo yana girki ko ɗinki. Idan akwai dikoda a gida ma babu maganar data.

Jarumi mai tabo na Indiya yawanci attajiri ne mai zafin kai, wanda wani baƙin ciki ya busar masa da zuciya. Arnav na Iss Pyaar Ko Kya Naam Doon, wanda aka nuna daga 2011 zuwa 2012, shi ne samfurin. Ya zargi Khushi da neman mijin yayarsa, ya tilasta mata auren yarjejeniya na wata shida, ya riƙa wulaƙanta ta a cikin gidansa. Da gaskiya ta bayyana ya yi nadama, amma nadamar ba ta kai rabin abin da ya yi ba. A ma'auninmu na farko, wannan shi ne rukuni na uku: ita kanta yake cutarwa. Haɗuwar 'yan wasan biyu tana da daɗin kallo ƙwarai, shi ya sa mutane da yawa ba sa lura da hakan sai sun sake kallo.

Beyhadh na 2016 zuwa 2017 ya fita daban. Maya, wadda Jennifer Winget ta fito a matsayinta, mace ce mai kamfani da sonta ya rikiɗe ya zama mallaka da hauka, kuma fim ɗin bai taɓa cewa abin da take yi daidai ne ba.

Matsalar ita ce ƙarko. Ana nuna su kwana biyar ko shida a mako, kuma yawan masu kallo na mako-mako ne yake juya alƙalamin marubuci. Muddin ana kallo, ba za a rufe labari ba. Sai a ja shi kamar cingam: mantuwa, tsallake shekara biyar, mamaci ya dawo da sabuwar fuska, a rabu a sake aure a sake rabuwa. Jarumin da ya tuba a kashi na 150 zai koma zargin matarsa a kashi na 210, don in ya shiryu labari ya mutu. Kumkum Bhagya, wanda aka sani da Twist of Fate a Zee World, ya fara a 2014 ya haura kashi 2,000. Ko na Arnav mai kashi 398, a minti 21 kowanne, awa 140 ne, wato 42GB a ƙaramin hoto. Akwai kuma bautar gumaka da bukukuwan addinin Hindu a kusan kowane mako na labarin.

Pakistan: tabon cikin gida

Wannan ita ce ƙasar da mutanenmu ba su cika waiwaya ba, alhali ita ta fi kusa da rayuwarmu. Musulmi ne, ana ɗaura aure da waliyyi da shaidu, ana auren zumunci, ana saki, ana idda, ana yaji. Tabon jarumi a nan ba ya buƙatar takobi ko bindiga. Zargi ne, da girman kai, da jin maganar uwa ba tare da bincike ba.

Humsafar, na 2011 zuwa 2012, kashi 23 ne kacal. Ashar ɗan masu kuɗi ne da aka aura wa 'yar gwaggonsa Khirad, don cika burin mahaifiyarta da ke gargarar mutuwa. Bai so ba da farko, daga baya so ya shiga. Mahaifiyarsa, wadda ta raina talaucin yarinyar, ta shirya makirci aka nuna masa matarsa tare da wani. Bai tsaya ya saurare ta ba. Aka kore ta da dare tana ɗauke da cikinsa. Shekaru bayan haka ta dawo, ba neman sulhu ba, neman kuɗin aikin zuciyar 'yarsu. Ashar bai mari kowa ba, bai kashe kowa ba, laifinsa kawai ya ƙi yin tambaya ɗaya a lokacin da ya kamata. Kowace unguwa tana da irinsa, shi ya sa kallonsa ya fi na ɗan mafiya tayar da hankali. Inda fim ɗin ya ɗan yi sassauci shi ne ɗora kaso mafi girma na laifin a kan uwar.

Mere Paas Tum Ho, na 2019 zuwa 2020, ya juya abin: matar ce ta bar mijinta ma'aikacin gwamnati mai gaskiya ta bi attajiri. Ya yi farin jinin da har a gidajen silima aka nuna kashin ƙarshe, kuma ya jawo muhawara mai zafi, don masu suka sun ce an yi wa macen hukuncin da ba a yi wa namijin da ya ɗauke ta ba.

Sai a yi hattara da wani sabon yayi. Tere Bin, kashi 58, daga ƙarshen 2022 zuwa tsakiyar 2023, ya fara da kyau: Murtasim mai gadon sarautar gargajiya, Meerab mai taurin kai da burin karatun lauya, auren dole, da takardar sharaɗin cewa ba zai taɓa ta ba sai da yardarta. Can gaba aka kai ga mari, aka kuma rufe wani kashi da alamar ya yi mata ta ƙarfi. Surutu ya tashi sosai, sai kashin da ya biyo baya ya nuna abin a matsayin da yardar juna. Kaisi Teri Khudgarzi na 2022 ya fi muni ta wannan fuska: ɗan attajiri ya ga yarinya, ya addabi iyayenta da ƙarfin dukiya har ya aure ta, sannan a nemi mai kallo ya tausaya masa. A ganina wannan ba jarumi mai tabo ba ne, bos ne da aka ba shi kiɗan jarumi.

Ta wajen kuɗi babu mai araha kamarsu. HUM TV da ARY Digital da Geo suna ɗora finafinansu kyauta a shafukansu na YouTube. Kashi ɗaya minti 35 zuwa 40 ne, kashi 25 ya kama awa 16, wato 5GB. Da harshen Urdu ake yi, kuma wanda kunnensa ya saba da Indiyanci zai tsinci kalmomi da yawa, ga kuma na Larabci irin su nikah da talaƙ da sabr. Sababbin suna zuwa da fassarar Turanci, tsofaffin kuwa sai an duba, kuma ingancin fassarar yana hawa yana sauka. Babu sumbata, babu tsiraici. Abin da za a tsare wa yara shi ne mari, da furta saki cikin fushi, da yunƙurin kashe kai da kan fito a wasu labaran. Tafiyarsu a hankali take, mutum biyu suna iya shafe minti goma a falo suna magana.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Koriya | Chaina | Indiya | Pakistan |
|---|---|---|---|---|
| Tushen tabon | ɓoyayyen tarihi, ramuwa | mulki da gadon sarauta | zafin kai, rashin fahimta | zargi, matsin dangi |
| Wanda ake cutarwa | yawanci na waje | danginta, wani lokaci ita | yawanci ita | yawanci ita |
| Hisabi | matsakaici zuwa mai kyau | mai tsanani | mai rauni | ya danganta da marubuci |
| Yawan kashi | 16 zuwa 20 | 35 zuwa 76 | ɗaruruwa | 23 zuwa 58 |
| Data a ƙaramin hoto | 5GB zuwa 8GB | 8GB zuwa 17GB | 40GB ko fiye | 5GB zuwa 11GB |
| Ƙarko | mai kyau | mai kyau, ƙarshe kan yi gaggawa | yana saki | mai kyau in gajere ne |
| Sauƙin fahimta | mai sauƙi | sunaye suna wahalarwa | mafi sauƙi | mai sauƙi in akwai fassara |
| Kallo da iyali | a yi hattara | da dama-dama | da dama-dama | ya fi dacewa |

Wata hanya da mutane da yawa suke bi ita ce shagunan masu tura finafinai a waya ko a memori. Tana rage kuɗin data, amma kafin ka bar shagon ka buɗe kashi na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Abubuwa uku ne suke yawan faruwa: wani kashi ya ɓace a tsakiya, rubutun fassara ya riga magana ko ya makara, ko kuma fassarar ta inji ce wadda take mayar da mace namiji. A fim ɗin fada na Chaina, inda kalma ɗaya take iya jawo a fille kan mutum, muguwar fassara tana kashe labarin baki ɗaya.

Wa ya dace da wanne

Idan abin da kake nema shi ne mutum mai haɗari ga duniya amma mai aminci ga matarsa, kuma kana son ka gama cikin mako biyu, Koriya ce taka. Fara da Flower of Evil. In faɗa da barkwanci sun fi soyayya muhimmanci a wurinka, Vincenzo.

Idan kana son labarin da ba ya yi wa mai laifi rangwame, kana da haƙurin kashi 50, kuma ba ka damu da ƙarshe mai ɗaci ba, Goodbye My Princess. Wadda take son ta ga mace tana rama cuta da kaifin basira, ba da kuka ba, ta nufi Yanxi Palace, wanda ya fi sauƙin shiga ga sabon mai kallon na Chaina, don jarumar tana fara cin nasara tun kashin farko-farko.

Wanda kallon nasa na rage dare ne bayan aiki, ga dikoda a falo, ba ya son karanta rubutu a allo, na Indiya zai yi masa. Shawara ɗaya: daga ranar da aka rubuta "bayan shekara biyar" a allo, ka ɗauka labarin da ka fara ya ƙare, abin da ya biyo baya wani fim ne da tsofaffin sunaye.

Mai ƙaramin data, ko wanda zai kalla tare da mahaifiya da ƙanne, ko ma'auratan da suke son abin da za su tattauna bayan an kashe waya, Humsafar. Matasan da ba su yi aure ba kuwa, musamman 'yan mata masu tasowa, gara a fara musu da Zindagi Gulzar Hai na 2012, mai kashi 26, inda tabon Zaroon bai wuce girman kai da son iko irin na ɗan gata ba, kuma Kashaf ba ta taɓa barin ya wuce da shi ba tare da ta tanka masa ba.